Ɗaurin da Na Yi wa Jirgin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen damina ba, kuma ko na so in manta, matan da ke sayar da kifi a bakin dam ɗinmu ba za su bar ni ba. Har yau in na je saye sai na ga suna taɓa juna da gwiwar hannu.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Daura, labarin ƙasa nake koyarwa. Wato ni ne mai tsayawa gaban allo in zana Kwara da Binuwai da alli, in nuna inda suka haɗu, in ce wa ɗalibai, "Nan na yi bautar ƙasa." Wannan gaskiya ne, a Lakwaja na yi. Abin da ba na faɗa shi ne makarantar da aka tura ni a kan tudu take, kuma a shekara gudan nan sau ɗaya tak na shiga jirgin ruwa, mai inji, na ƙanƙame benci na rufe ido ina karanta duk addu'ar da na iya har muka tsallaka. Ko iyo ban iya ba. Mu yaran cikin gari ne, ruwan da muka sani na famfo ne da na rijiya.

Matsalar ta faro ne lokacin da nake zuwa zance wurin Zulai, wadda yanzu ita ce uwar 'ya'yana. Zulai 'yar masunci ce, daga wani ƙauye da ke bakin gulbin da ke zubowa cikin dam. Wata rana tana ba ni labarin yadda babanta ke jefa birgi, wato ragar kamun kifi, ni kuma na ga kamar ana barina a baya, sai na gyara zama na ce, "Ai ni ma na yi tuƙi a Kwara." Ta zaro ido. Wallahi zaro idon nan ne ya kashe ni. Daga nan labarin ya yi ta girma. A wata na biyu na fara tsallaka Kwara ni kaɗai. Kafin a ɗaura aure har kada ya shigo ciki (na buge shi da filafilin tuƙi a hanci, in kuna son sani). Shekara shida da aure ban taɓa warware zancen ba, ita kuma ba ta taɓa shakka ba, har baƙi take ba labarin.

Shi surukina, wanda muke kira Baba, yana da wani jirgi da ba irinsa a duk yankin. Wurin wani Bayawure ya saye shi tun yana da sauran ƙarfi, dogon kwale-kwale mai faɗin ciki, ya yi masa rumfa ta zana da tamfol daga tsakiya zuwa baya. A ciki akwai tabarmarsa da buzun salla, da murhun gawayi, da akwatin ƙarfe, da rediyo, da taru da komarsa a rataye. Lokacin kamun kifi a ciki yake kwana, wani sa'in wata guda bai taka gida ba. Mutane ba sa cewa jirgin Baba, gidan Baba suke cewa.

To a daminar nan sai hawan jini ya taɓa shi, hannunsa na dama ya yi nauyi. Likita ya ce lallai ya riƙa zuwa ana duba shi a kai a kai. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya na Legas ɗaya direban babbar mota ne, babu wanda ya gaji ruwa. Aka yi ta fama da shi ya dawo kusa da gari, ya ce shi ba ya zuwa ko'ina ya bar jirginsa. Daga ƙarshe aka daidaita: shi da Inna, wato surukata, za su tare a wani ɗan gida kusa da mu, jirgin kuma a gangaro da shi ta gulbi zuwa sabuwar matsayar da masunta suka yi a bakin dam, ɓangaren gari, inda zai iya hawa acaɓa ya je ya duba shi kullum. Sai dai gulbinmu ba Kwara ba ne. Ruwan sama na ɗaukewa yake janyewa ya bar yashi. In ba a gangaro da jirgin cikin 'yan kwanakin nan ba, sai baɗi.

Ina cin tuwo Zulai ta shigo da fara'arta.

"Baban Nana, an gama magana. Baba ya ce zai roƙi wani cikin masunta ya taya shi, na ce wane irin roƙo, ga gwani a gida?"

Na ce, "Wane gwani?"

"Kai mana! Wanda ya tsallaka Kwara, wannan ɗan gulbin me zai yi masa?"

A nan ne ya kamata in ajiye cokali in faɗi gaskiya. Mu biyu ne kawai a ɗakin, ko yara ba sa nan. Amma na dubi fuskarta, na ga yadda take alfahari za ta nuna wa iyayenta mijinta, sai na ji bakina yana cewa, "Ai ba komai. Hannun dai ya kwana biyu, amma ba a mantawa."

Kwana ukun da suka rage kafin tafiyar na yi su ne a ɗakin malamai ina kallon bidiyon tuƙin kwale-kwale a waya (yawanci Turawa ne sanye da rigar kariya, a kan ruwan da ko motsi ba ya yi). Har na ɗauki tsintsiya mai dogon hannu na gwada a bayan ajujuwa, sai da na hango shugaban makaranta na koma kamar ina kaɗe yana.

Ranar Asabar da hantsi na isa ƙauyen a kan acaɓa. Inna da Zulai sun riga sun bi mota da kayan gida. Na tarar da Baba zaune a bakin gulbi, ruwan ja wur, yana gudu yana ɗauke da karare da rassan itace. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni daga sama har ƙasa: farar shadda, hula zanna, takalmi sau-ciki da na goge da asuba.

"Malam, da wannan za a yi tafiyar?"

"E, Baba, ai ba nisa."

"To madalla. Bismilla."

Ina sa ƙafa jirgin ya karkata, na yi taga-taga na rungumi sandar rumfa kamar na ga ɗan'uwan da muka daɗe ba mu haɗu ba. Baba ya biyo ni ciki. Ya zauna a baya, ya maƙale filafili a hammatarsa ta hagu don ya riƙa saita hanya, ni kuma ya miƙo mini doguwar gorar da ake tokara ƙasa da ita, ya ce in tsaya a gaba.

Tokarawar farko, jirgin ya juya ya dubi inda muka fito. Ta biyu, ya ƙarasa zagayen. Muka yi zagaye biyu cur a gaban matan da ke wanki, su kuma suka daina wankin.

"Can Lakwaja haka suke riƙe ta?" in ji Baba.

"E to, Baba, ruwan can ya fi faɗi, sai da haka."

"Ikon Allah. To namu ƙarami ne, ka yi haƙuri da shi. Matso da hannunka sama. Kada ka yi kokawa da ita, ka sa ta a ƙasa ka bi ta da jikinka. Yauwa. Cire kafin laka ta riƙe."

Haka muka yi ta tafiya. Duk abin da na ɓata sai ya ce bambancin ruwa ne, ya gyara mini a hankali kamar wanda ke neman shawarata. Gaskiyar magana ruwa ne ke tafiya da mu, Baba kuma ke tuƙi da hannu ɗaya, ni dai ina gaba ina zufa. Kafin azahar tafukan hannuna sun yi ƙulu-ƙulu, shaddar ta koma kalar gulbin, cikina kuma ya yi ta juyawa har sai da na mayar wa kifaye kokon da na sha da safe. Baba ya kau da kai yana kallon wata gonar gero kamar bai taɓa ganin gero ba.

Akwai inda na manta da kaina. Mun zo wata kwana mai tsamiya babba a gaɓa, sai na ji ya daina tuƙi. Na waiwaya na ga yana kallonta. Ya ce a nan babansa ya fara sa shi cikin ruwa, a nan kuma ya kama tarwaɗar da ya sayar ya kai gaisuwar Inna. Can ya ce, "Ban yi zaton da raina zan wuce ta ba dawowa ba." Na dai ƙara riƙe gorar da kyau, na ce a raina ko me za a yi sai na kai wa tsohon nan gidansa lafiya.

Kuma muka kai. Gab da la'asar gulbin ya buɗe muka shiga dam, ruwa ya yi faɗi, muka bi gefe-gefe har muka hango sabuwar matsayar: turaku a jere a bakin ruwa, rumfunan masu kifi, hayaƙin banda, 'yan acaɓa a gindin darbejiya. Jiragen masunta duk sun fita zuba taru, ɗaya kawai ya rage, shi ma a kife ana toshe masa ɓaraka. Sarkin Ruwa, wani dattijo mai sanda, ya zo tarbar Baba da kansa. Ga Inna, ga Zulai tana ɗago mini hannu.

Da na tsaya a nan, da na tsira da mutuncina. Amma ƙafata na taka ƙasa sai wani girman kai ya sauko mini. Sarkin Ruwa ya ce, "Wannan ne surukin naka da ya yi tuƙi a Kwara?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan abin da ba a rasa ba." Baba ya miƙa hannu zai karɓi igiya, na ce, "Haba Baba, da hannun naka? Huta, ni zan ɗaure." Ya dubi jama'a, ya dube ni, ya sakar mini. Daga baya na gane kunyar ya gwale ni a gaban mutane ya ji.

Na kama igiyar na zagaya turke, na yi mata ɗaurin da na fi ƙwarewa a kai a duniya, wato irin wanda nake yi wa zariyar wandona. Har da 'yan kunnuwa biyu, gwanin kyau. Sannan na shiga na ɗebo gora da filafili na saɓa a kafaɗa, na ce wa Zulai ta ɗauke ni hoto. Ta ɗauka kala uku. Na jingine gorar da filafilin a jikin darbejiya, aka kira salla.

Mu maza muka yi sahu a gindin bishiyar, bayanmu na ga ruwa. Ita kuma Inna ta shiga jirgin don ta share wa Baba ciki, ta yi sallarta a ƙarƙashin rumfa inda ba idon mutane.

Liman na sallamewa muka ji ihun mata.

"Jirgi! Jirgi ya tafi! Da Inna a ciki!"

Na juya. Turken na nan tsaye shi kaɗai. Gidan Baba kuwa ya yi nisa da gaɓa kamar tsawon filin ƙwallo, yana tafiya a hankali, igiyar na binsa a kan ruwa. Kuma ba ko'ina ya nufa ba sai ɓangaren da dam ke amayar da ruwa in ya cika, inda muke jin rugugin zubarsa tun daga nan. Inna ba ta ko leƙo ba. Gora da filafili kuma ga su nan a jingine a bayana, inda na ajiye su bayan hoto.

Wuri ya rikice. Sarkin Ruwa ya tura ɗan acaɓa ya bi gaɓa ya kira masunta, amma kowa ya san kafin su zo an daɗe. Waɗanda ke wurin masu sayen kifi ne da tsofaffi. Sai muryar matata ta fito tsaf a kan ta kowa:

"Ku ba shi hanya! Baban Nana, yi sauri! Ku kwantar da hankalinku, ya iya iyo kamar kifi!"

Aka dare mini hanya. Wani ya cire mini hula, wani ya taya ni tuɓe riga. Na tsinci kaina daga ni sai singileti da wando (singiletin ma mai huda a ciki, wanda Zulai ta daɗe tana cewa in yar), ina takawa zuwa ruwa, mutane na cewa "Allah ya taimaka, Malam!" Ku yarda da ni, na shiga. Ruwa ya kawo gwiwa, ya kawo ƙugu, ya kawo ƙirji. Ban san abin da nake shirin yi ba. Rabin zuciyata na cewa tsohuwar nan za ta hallaka saboda ni, ɗaya rabin kuma, don Allah ku ji wauta, na cewa gara in nutse da in juyo.

Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Baba ne, ya biyo ni cikin ruwan da rigarsa, ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya. Ya ce a hankali, "Malam, taku biyu gaba rami ne. Tsakaninka da Allah, ka iya?"

Ni dai na ɗauka a hankali na amsa. Amma tsoro ya riga ya ruɗe ni, muryar ta fito da ƙarfi kamar ina kiran sunaye a taron safe, daidai lokacin da kowa ya yi tsit:

"Wallahi Baba ban iya ba! Ban taɓa iyawa ba!"

Ruwa na ɗaukar magana. Na tabbata har waɗanda ke tsallake sun ji. Wata mai kifi ta ce, "La ilaha illallahu." Ban waiwaya na dubi Zulai ba, amma na ji shirunta a ƙeyata.

Baba bai sake ni ba. Ya ɗaga kai ya ƙwala kira da sunan da yake kiran matarsa, sau biyu. Sai ga Inna ta fito daga rumfa, carbi a hannu. Ashe salla take, kuma ta ji jirgin ya motsa, ta ga dai ba dalilin yanke salla. Ta dubi gaɓa, ta dubi inda ruwa ke jan ta, ta duba wurin filafili ba ta gani ba. Ta koma ciki. Ta fito da babban farantin da Baba ke shanya kifi a kai. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta durƙusa a bayan jirgin, ta fara yankar ruwa da farantin nan ta gefe ɗaya.

Ni na manta Inna ma 'yar masunta ce. Ba ta yi ƙoƙarin dawowa inda muke ba. Ta bar ruwan yana jan ta, tana karkata kan jirgin kaɗan-kaɗan, har ta sa shi ya nufi wani lungu mai ciyawa da kainuwa can ƙasa da mu. Muka bi gaɓa da gudu, ni ina ɗigar ruwa, laka ta cinye mini takalmi ɗaya. Jirgin ya kutsa cikin ciyawar ya tsaya cak. Ta tattaro igiyar ta wurgo, mutum biyar suka cafe.

Aka yi ta kabbara. Inna ta sauko tana haki, ta ɗauraye farantin, ta kife shi a rana. Tsakanina da ita akwai kunya irin ta surukai, tun da na auri 'yarta ba ta taɓa duban idona ba. Ranar ma ba ta duba ba. Ta juya wajen 'yarta ta ce, "Zulai, ki ce wa Malam ya sa rigarsa, kada sanyi ya kama shi."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da aka jawo jirgin aka mayar matsaya, Baba ya ɗaure shi da hannu ɗaya da haƙori, ya kira ni gefe. Na durƙusa, na fara ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, Malam. Tun da ka sa ƙafa a jirgin nan da safe na sani."

"To Baba me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ina jira ne ka faɗa da kanka. Kuma ai ka koya, daga tsamiya zuwa nan ba ka juya mu ba ko sau ɗaya. Laifina ne da na bar maka igiya." Ya yi ɗan murmushi. "Amma na ga abu guda. Wanda ya iya ruwa in ya shiga, ba abin mamaki ba ne. Kai ba ka iya ba ka shiga saboda tsohuwata. Wauta ce, kada ka ƙara. Amma na gani."

Ban gaya masa cewa rabin abin da ya tura ni kunya ce ba. Ina jin wannan ma ya sani.

Ni da Zulai muka koma gida a kan acaɓa, ni da takalmi ɗaya. Ta ɗora ruwan zafi, ta kawo mini man shafawa don hannuna, ta zauna a bakin gado tana kallona.

"Shekara shida, Baban Nana."

"Ki yi haƙuri."

"Har kadan ma ƙarya ne?"

"Na dai ga wani a gidan zu, yana barci."

Ta yi ƙoƙari ta riƙe fushinta, Allah ya sani ta yi ƙoƙari. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta kifa kai a kan filo tana dariya har da hawaye. Da ta ɗago ta ce, "Ni fa ba don Kwara na aure ka ba. Amma gobe kai za ka je ka yi wa ƙawayena bayani, don ni na gaji da jin kunya."

Yanzu Baba ya ji sauƙi, hannun ya fara ɗagawa. Duk Asabar nakan kai shi bakin dam a kan babur, ya shiga gidansa ya kunna rediyo, ni kuma in zauna a gaɓa da guntuwar igiya ina koyon ɗauri. Iyo dai har yau ana fama, na kai matakin da nake iya sa fuskata a ruwa ba tare da na kira sunan mahaifiyata ba.

Abin da na koya kuwa shi ne, "ban iya ba" kalma uku ce kacal, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai mutum ya faɗe su. Zaɓin da ke gare shi kawai shi ne inda zai faɗa: a ɗaki, gaban matarsa, da tuwo a gabansa, ko kuwa a tsakiyar dam, gaban surukai da Sarkin Ruwa da duk matan kasuwar kifi, sanye da yagaggen singileti.